Ina Sudusin Uwar Soja?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu: a kowace ranar 15 ga Janairu mahukuntan ƙasar nan suna taruwa a Abuja da manyan biranen jihohi domin abin da suke kira Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Duk mai kallon talabijin ya san yadda ake yi. Shugaban ƙasa ko gwamna ya tako a hankali, a miƙa masa kambun furanni, ya ajiye a gindin mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, ya sunkuyar da kai. A busa begila, a harba bindiga sama, a yi tsit na ɗan lokaci, sannan a saki fararen tantabaru. A cikin masu ajiye furen akwai mace guda mai wakiltar matan da mazajensu suka kwanta dama a bakin daga. Uwar da ta haifi sojan kuwa ba a saba ganinta a wannan jeri ba.

Wasu daga cikin samarinmu 'yan boko sun hango wannan giɓi, kuma sun yi gaskiya da suka hango shi. Inda muka rabu da su shi ne maganin da suke kawowa. Sun karanta cewa a Amurka akwai ƙungiyar iyaye mata masu tauraron zinariya wadda aka kafa a 1928, kuma tun 1936 aka keɓe musu Lahadin ƙarshe ta watan Satumba. Sun ga a Kanada kowace shekara ana zaɓen uwa ɗaya ta ajiye fure a madadin sauran ranar 11 ga Nuwamba. Sun ga hoton ƙaton mutum-mutumin da aka buɗe a Biyetnam a 2015, da siffar wata tsohuwa da yaƙi ya cinye mata 'ya'ya maza 9. Sai ka ji a majalisa ana cewa, me zai hana mu ma a gina wa iyayenmu mata irin wannan, ko da a cikin garin Gwarzo ne ko a harabar sakatariyar Kabo, a riƙa haɗuwa a wurin shekara-shekara? Duk wanda ya ce uffan kuma sai a ce masa mai busasshiyar zuciya, wanda bai san zafin haihuwa ba.

To, za mu ce uffan. Amma kafin nan ya kamata mai karatu ya san su wane ne ake magana a kansu, domin ba labarin wata ƙasa mai nisa muke yi ba. Ka bi hanyar da ta tashi daga Kano ta wuce barikin Janguza, ta ratsa ƙasar Kabo ta isa Gwarzo ta nufi Dayi. Garuruwan da ke hagu da dama, irin su Gude da Garo da Godiya da Getso da Kutama da Lakwaya, garuruwan manoma ne, kuma yaron da ya gama sakandare bai sami abin yi ba, aikin ɗamara yana cikin 'yan ƙofofin da suka rage masa. Sai a kai shi Zariya a yi masa horon kurata, daga nan a tura shi inda wuta take ci. Kakanninmu an kwashe su zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu. Iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Yayyenmu sun je Laberiya daga 1990, sannan Saliyo. Tun 2009 kuma ƙannenmu ne suke faɗuwa a Borno da Yobe da gaɓar Tafkin Chadi. Yanzu ma yaƙin ya tako har bakin ƙofa, domin a 2025 'yan bindiga sun riƙa ƙetarowa daga Katsina suna kai hari a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, ga Shanono kuwa maƙwabciyar Gwarzo ce. Duk wanda ya faɗi a waɗannan wurare akwai wadda ta ɗauki cikinsa, ta shayar da shi, ta yi masa tuwo shekara ashirin. Larabawa suna da kalma guda ga irin wannan mace, suna ce mata *sakla*. Mu muna da maraya, muna da bazawara, muna da mai wabi ga wadda 'ya'yanta suke mutuwa suna ƙanana, amma wadda ta reni ɗa har ya kawo ƙarfi sannan aka aiko mata da saƙon mutuwarsa, ko suna ba mu raɗa mata ba.

Mu fara da tambayar asali: daga ina wannan ajiye fure a gindin gunki ya zo mana? Tsit ɗin nan da ake yi a Ingila aka fara shi a matsayin al'adar ƙasa a 1919, shekara guda bayan ƙare yaƙin duniya na farko. Ranar 11 ga Nuwamba 1920 aka binne sojan da ba a sani ba a cikin majami'ar Westminster a Landan, Faransa ma ta yi nata bikin a Faris a wannan rana. Daga can Turawan mulki suka kawo mana, muka yi ta yi a watan Nuwamba tare da su, har aka mayar da shi 15 ga Janairu domin ya dace da ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. (Ɗan Arewa dai ba ya jin wannan kwanan wata bai tuna wani abu dabam ba, domin a 15 ga Janairu 1966 ne aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari. Wannan wani zance ne.)

Su kansu masu wannan al'ada, me suka yi da namu matattun? A 2021 hukumar da take kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto, ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu wa Ingila a yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu kamar yadda aka rubuta na Turawa ba, wasu ma ba a tuna su da komai ba. Shekara ɗari kafin a faɗi haka! Mu kuma aka bar mana barikoki masu sunayen wuraren da aka gwabza a Bama, irin su Arakan da Myohaung. Sunan ƙauyen da ɗan Bahaushiya ya mutu yana nan a ƙofar bariki da manyan haruffa, sunanta ita da nasa sun bi iska. Mai sassaƙa dutse shi yake zaɓen wanda zai rubuta da wanda zai tsallake, kuma talaka ne kullum ake tsallakewa.

Wannan ta fuskar tarihi ke nan. Ta fuskar Shari'a kuwa maganar ba ta da wuya. Sassaƙa surar ɗan'adam a kafa ta a fili domin girmamawa haramun ne, ko ta namiji ce ko ta mace, ko ta sarki ko ta tsohuwa mai kuka. Imam Muslim ya ruwaito cewa Aliyu ɗan Abu Ɗalib (RA) ya aiki Abul Hayyaj al-Asadi da irin aiken da Manzon Allah (SAW) ya taɓa yi masa, wato kada ya bar wata sura bai shafe ta ba, kada ya bar kabarin da aka ɗaga bai daidaita shi ba. Ya kuma ruwaito daga Jabir (RA) hanin shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa. Idan an hana gini a kan kabarin da mamaci yake ciki, ina ga ginin da ba kowa a cikinsa, a zo a tsaya masa a sunkuyar da kai?

Za su ce: ai ba bauta muke yi ba, tunawa ce kawai. Madalla. Mutanen Annabi Nuhu (AS) ma da haka suka fara. Buhari ya kawo daga Ibn Abbas (RA) cewa sunaye biyar ɗin nan da suka zo a aya ta 23 ta Suratu Nuh, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu sai aka kafa musu alamu a wuraren da suke zama, kuma waɗanda suka kafa ɗin ba su bauta musu ba. Sai da wannan tsara ta shuɗe, ilimi ya gushe, sannan aka bauta musu. Shaiɗan ba ya gaggawa. Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya fahimci haka, shi ya sa, kamar yadda Ibn Sa'ad ya kawo, da ya ji mutane suna zuwa sallah a wurin itaciyar da ake cewa a ƙarƙashinta aka yi mubaya'ar Ridwan sai ya sa aka sare ta. Mu da muka san yadda tsamiya ɗaya a bayan gari take zama wurin kai hura da farin zakara, ba mu buƙatar a yi mana dogon sharhi.

Wani mai wayo zai ce to a bar sura, a gina ginshiƙi kawai a rubuta sunaye. Lalle wannan bai kai na farko muni ba, kuma adalci ne mu faɗi haka. Amma me za a riƙa yi a wurin? Ranar da za a keɓe ce, da tsayuwar da za a yi, da furen da za a ajiye, da tsit ɗin da ba ya isar wa mamaci da komai, alhali an bar addu'ar da take isar masa. Kuma kuɗin siminti da na ɗan kwangila da na bikin buɗewa, daga aljihun wa? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi babi guda a kan jana'iza da maƙabartu a littafinsa *Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a*, yana rarrabe abin da yake sunna da abin da mutane suka ƙaga. A yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804 jama'arsa sun rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, kamar yadda masana tarihin jihadi suka kawo. Kowannensu yana da uwa. Shehu bai sassaƙa musu komai ba. Abin da ya fito daga gidansa daga baya shi ne 'yarsa Nana Asma'u da jajojinta na 'Yan Taru, suna bin ƙauyuka suna shiga gidaje suna karantar da mata.

Kada kuwa wani ya zaci Musulunci addinin mantuwa ne. Shahidan Badar 14 ne, na Uhudu kimanin 70, kuma littattafan sira sun jera su da sunayensu da ƙabilunsu, ɗalibi yana karanta su yau bayan ƙarni goma sha huɗu. Ibn Sa'ad ya keɓe juzu'in ƙarshe na *Ɗabaƙat* ga mata kaɗai. Mun tuna su a rubuce, ba tare da an sassaƙa ko ɗaya ba.

Yanzu mu dubi yadda aka yi da masu rai da suka rage, domin nan ne jigon maganar. Harisa ɗan Suraƙa yaro ne matashi, kibiya ta same shi a Badar ya rasu. Mahaifiyarsa ta zo wurin Manzon Allah (SAW) tana neman sanin makomarsa, in alheri ne ta yi haƙuri, in kuwa akasin haka ne ta ƙure kuka. Bai tura ta wurin wani ba. Ya saurare ta da kansa, ya yi mata bushara da cewa ɗanta yana Firdausi maɗaukakiya. Buhari ya ruwaito wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yana yawan shiga gidan Ummu Sulaim, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa tausayinta yake ji, domin an kashe ɗan'uwanta a tafarkinsa. Da Ja'afar (RA) ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, umarnin da ya bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci. Ya kuma sanar da cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma ya yi yaƙin. A zamanin Umar (RA) wata matashiya 'yar Hufaf al-Gifari ta tare shi a kasuwa ta ce mijinta ya mutu ya bar mata ƙananan yara ba su da komai. Nan take ya ɗora wa ƙaƙƙarfan raƙumi buhu biyu na abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakani, ya miƙa mata akala. Wani ya ce ya yi yawa, Umar ya tsawata masa, ya tuna masa cewa ubanta da ɗan'uwanta sun daɗe suna tsare da wata ganuwa har suka buɗe ta, mutane kuma suka ci gajiyar wahalarsu.

Masu wa'azinmu suna son labarin Hansa'u, wadda aka ce 'ya'yanta huɗu sun faɗi a Ƙadisiyya ta yi haƙuri. Malaman hadisi sun soki isnadin wannan labari, saboda haka ba ma gina hukunci a kansa. Amma abin lura shi ne masu kawo shi a kan mumbari suna tsayawa a haƙurin nata, su ce iyaye mata ku yi koyi, sai su rufe littafi. Ƙarshen labarin a wurin Ibn Abdil Barri cikin *al-Isti'ab* shi ne Umar ya ci gaba da ba ta albashin 'ya'yan nan huɗu har ya bar duniya. An ɗauki rabin da yake ɗora wa tsohuwa nauyi, an jefar da rabin da yake ɗora wa shugabanni da mawadata. Umar ɗin nan kuwa shi ne ya kafa diwani, wato littafin da aka rubuta Musulmi gida-gida domin kowa ya sami rabonsa daga baitulmali, har mata da jarirai.

To, mu dawo gida. Me yake faruwa idan saƙo ya iso wani gida a Madadi ko Masanawa cewa wane ya faɗi? Lokacin da yaro zai shiga soja akwai takardar da yake cikewa, ya rubuta sunan makusancin da za a nema idan wani abu ya same shi. Wani ya rubuta wansa saboda shi ne mai karatun boko, wani ya rubuta kawunsa da ya yi masa hanya, wani in ya yi aure ya canza ya sa matarsa. Wannan sunan shi hukuma ta sani, kuma ta hannunsa haƙƙoƙin mamaci suke fitowa, in sun fito, bayan zirga-zirgar Abuja da tarin takardun da matan sojoji suke kuka da su a jaridu kusan kowane Janairu. Sai wanda aka rubuta ya ɗauka cewa dukiyar tasa ce. Wallahi ba tasa ba ce. Shi ɗan aike ne da aka ba amana. Rubuta suna a takarda ba ya soke ayar gado, kuma ko da mamacin ya yi nufin wasiyya ce, ba a yin wasiyya ga magaji, ga wanda ba magaji ba kuwa ba ta wuce sulusi.

Allah da kanSa Ya yanka wa uwa rabonta a aya ta 11 ta Suratun Nisa'i: sudusi idan mamaci ya bar ɗa ko 'ya, ko kuwa yana da 'yan'uwa biyu ko fiye, sulusi idan babu waɗannan. Babu wani magaji da yake kore uwa daga gadon ɗanta. Ga misali domin a gane. Soja ya rasu ya bar uwa da uba da mata da 'ya'ya biyu, namiji da mace. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, a ce abin da ya rage Naira 2,400,000 ne. Asalin mas'alar 24 ne: mata tana da sumuni, Naira 300,000, uwa sudusi, Naira 400,000, uba sudusi, Naira 400,000, sauran Naira 1,300,000 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki ninkin mace. Idan kuwa bai haihu ba, ba shi kuma da 'yan'uwan da za su rage mata, ya bar mata da uwa da uba, to mata ta ɗauki rubu'i, uwa ta ɗauki sulusin abin da ya saura, uba ya ɗauki ragowar, kamar yadda Umar ya hukunta. Malamai sun bambanta tsakanin abin da mamaci ya cancanta da aikinsa, kamar ragowar albashi da ajiyarsa da kuɗin sallama, wanda gado ne, da kyautar da hukuma ta keɓe wa wasu da sunansu, kamar kuɗin makarantar yara, wadda ta waɗanda aka ambata ce. Wurin da aka sami ruɗani a tambayi alƙali. Amma a ce uwa ta tashi da buhun shinkafa ɗaya da turmin atamfa, a ce mata ga tsarabar rasuwa, wannan zalunci ne ko da ɗan cikinta ne ya yi shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Abin da yake sa wannan zalunci ya wuce salin-alin shi ne halin iyayenmu mata da kowa ya sani, wato kunya da kara. Macen da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari yana raye, sai dai ta ce “yaron nan” ko “mai sunan malam”, ita ce za ta tsaya gaban surukarta ko gaban ƙanen mijinta ta ce ina kuɗin ɗana? Ba za ta yi ba. Za ta ce a bar wa marayu, ko ta ce ita me za ta yi da kuɗin jini, ta juya ta shiga ɗaki. Masu cin amana kuma su fito su ce ai Inna ta yafe. Yafiyar wanda bai san adadin abin da yake da shi ba, bai riƙe shi a hannu ba, aka kuma tambaye shi a gaban taro, wace irin yafiya ce? Abin da aka karɓa da takobin kunya malamai sun daɗe da cewa bai halatta ba. A ƙirga mata rabonta, a sa mata a hannu, a fita a ba ta wuri. In bayan kwana biyu ta kira jikokinta ta ba su, ta sami ladan kyauta, su kuma sun ci halal.

Ɗan abin da ya isa hannunta kuma, al'ada tana tsaye tana jira. Sadakar uku, sadakar bakwai, sadakar arba'in, ta shekara. A sayo gero a yi gumba, a soya waina, a kafa rumfa, a sallami masu karatu. Sunna ta ce maƙwabta su dafa su kai gidan mutuwa, mu kuma mun juya abin, gidan mutuwa ne yake ciyar da gari. Wanda yake son ya ƙara mata ranar taro ta shekara-shekara a gindin dutse, ya sani cewa ƙarin wata arba'in ce yake kawo mata da rigar zamani.

Akwai kuma waɗanda ko wannan takardar ba su da ita. Ɗan sa-kai da ya fita da bindigar toka ya tare 'yan fashin daji a bakin iyaka ya faɗi, uwarsa ba ta da fansho, ba ta da ofishin da za ta je. Wani zai tambaya, shin waɗannan duka shahidai ne? Ba mu yanke wa wani mutum ayyananne shahada, Buhari ma ya ƙulla babi a kan haka. Muna yi wa Musulmin da ya mutu yana kare jinin mutane da dukiyarsu kyakkyawan zato, mu bar hukuncinsa ga Wanda ya san niyya. Sudusin uwa dai bai rataya a kan wannan tambaya ba, yunwarta ma haka. Maƙwabciyar da ba Musulma ba, wadda ita ma ɗanta ya faɗi yana tsaron garin da muke kwana a ciki, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautata mata.

Masu son koyi da ƙasashen waje ma ba su kwaikwayo da kyau ba. A Biyetnam ɗin da suke nuna mana hotonta, tun 1994 aka kafa lambar girma ta irin waɗannan iyaye, kuma wadda take raye ana ba ta alawus wata-wata. Namu sun ɗauko dutsen sun baro alawus ɗin. A nan gida, da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a Maris 2024, an binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja, shugaban ƙasa ya halarta, aka ba su lambobin girma, aka yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun yara. Ba mu ƙi ba. Amma waɗanda suka faɗi a Metele a Nuwamba 2018, waɗanda ko adadinsu sai da aka yi ta jayayya a kai, ba iyaye ne suka haife su ba? Haƙƙin da sai kyamara ta zo ake biyansa ya zama alfarma. Idan hukuma tana son girmama uwar soja, ta sa sunanta a takarda tun ranar ɗaukar ɗanta, ta aiko da mutum ya gaya mata rasuwarsa kafin ta ji a bakin 'yan kasuwa, ta nuna mata inda aka binne shi, ta kuma biya a kan lokaci.

Saura mu, 'yan'uwa Ahlus Sunna, kuma a nan maganar ta fi ɗaci. Cewa “bidi'a ce” ba ya cin ko kwabo. In muka hana gunki, muka hana fure, muka hana arba'in, sannan muka naɗe tabarma muka tafi gida, to me tsohuwar nan ta gani daga Sunna in ban da hani? Mai fure ya fi mu a idonta, domin shi aƙalla ya nuna ya san an yi rashi. Muna da kwamitocin marayu, muna tara abin da muke tarawa a tafsirin azumi, Allah Ya saka wa masu bayarwa. Amma maraya yana da mai magana a madadinsa, uwar mamaci kuwa ta faɗa tsakanin kujeru: ba marainiya ba ce, ba ta cikin masu takaba, kuma sau da yawa wanda ya faɗin shi ne mai aiko da kuɗin cefane da na magani ƙarshen wata.

Abin da muke kira gare shi shi ne diwani irin na Umar, daidai ƙarfinmu. Gwarzo mazaɓu goma ce, Kabo ma goma. Kowane reshe ya sayi littafi guda, ya rubuta kowace uwa da ta rasa ɗa a aikin soja ko ɗan sanda ko sa-kai: unguwarta, shekarar rasuwar, wanda yake ciyar da ita yanzu, an raba gado ko ba a raba ba. Malamai mata na makarantun Islamiyya su ne za su shiga su yi wannan tambaya, domin abin da za ta ɓoye wa namiji za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace, kuma littafin ya zauna a hannun amintattu, kada ya zama abin karantawa a lasifika ko ɗaukar hoto. Inda ba a raba gado ba, limami da mai ilimin fara'ili su zauna da dangi cikin sirri. In an ƙi, ga kotun Shari'a nan, a sami wanda zai tsaya mata. Inda takardu suka maƙale, tsofaffin sojojin da suke sallah a sahunmu sun san hanyar ofisoshin, a biya wa ɗaya kuɗin mota ya raka dangi. Idan kaka ta yi aka auna dawa da gero da masara, manomi ya tuna cewa mabuƙaciya daga cikinsu tana cikin masu cin zakka, kuma ta fi kusa da rumbunsa. Sunayen da suka fi ƙarfin reshe a miƙa su ga Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha. Sannan ziyara, wadda ba ta buƙatar kasafi: a shiga a gaishe ta, a yi wa ɗanta addu'a da sunansa tana ji, tunda ita kunya ta hana ta faɗa.

Kai kuma ɗan'uwa mai ɗamara da wannan mujalla za ta iske ka a bariki ko a bakin daga, kada ka jira. Ka rubuta yau, da shaidu biyu, cewa wanda ka sa sunansa a takardar aiki wakili ne kawai, abin da ka bari a raba shi yadda Allah Ya raba. Ka rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Ka aika da kwafi ɗaya ga limamin unguwarku, ɗaya ga mahaifiyarka, a karanta mata.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.